ITACEN GIRKI HAKKI NE NA MATA A KAN MIJINTA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam wuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako a kan itacen girki ne, da abin da Shari'a ta ɗora wa maigida game da shi.

Wanda duk ya shiga Sundimina ta ƙasar Birnin Kudu, ko ƙauyukan Gwaram, da la'asar sakaliya, zai ga hayaƙi yana tashi daga gidaje. Akasarin jama'ar wannan yanki da itace su ke dafa tuwo, ko da karan dawa bayan kaka, ko da gawayi, a kan murhu mai duwatsu uku. Tsadar kananzir da iskar gas, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ta ƙara ɗaure talaka ga wannan murhu.

To, amma hayaƙin nan yana da illa babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Tana jawo ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana kuma lalata ido. Wadda ta fi shaƙar hayaƙin ita ce uwargida mai tuƙa tuwo, da jaririn da ke goye a bayanta.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan batu ba. Shehu Halilu, a babin nafaka na Muhtasar, ya lissafta itace tare da ruwa da mai da gishiri da nama lokaci-lokaci cikin abin da a ke wajabta wa miji. Ashe ke nan ba wajibin mace ba ne ta sayi itace da kuɗin sana'arta, balle ta shiga daji nemansa. Haka kuma Imamu Malik ya kawo hadisi cikin Muwaɗɗa wanda ya hana cutarwa kowace iri. Idan an haɗa waɗannan biyu, za a gane cewa maigidan da ya jibge ɗanyen itace, ya bar iyalinsa suna hawaye a cikin madafin da ba taga, bai gama sauke nauyinsa ba.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfin talaka ba. Na farko, a kawo busasshen itace, a adana shi inda ruwan damina ba ya taɓa shi. Na biyu, a huda wa madafi taga, ko a yi girki a rumfa. Na uku, a nisantar da yara daga bakin murhu. Na huɗu, a gina murhun yumɓu mai tsimin itace, wanda ke tattara zafi ƙarƙashin tukunya. Mai hali kuwa, sai ya saya wa iyalinsa gas.

Sai hakkin itatuwan kansu. Jihar Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke yi wa barazana. Ɗorawar da aka sare domin gawayi ta tafi da daddawar shekaru masu yawa, haka kuka da tsamiya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Musulmin da ya dasa itace yana samun ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Saboda haka wanda ya sare ɗaya bisa larura, ya kyautu ya dasa wani, ya kuma raine shi har ya kama ƙasa.

Allah Ya ba magidanta ikon sauke wannan amana, amin.