Ma'aunin Lafiyar Gambarar Zamani: Nazari Daga Gure

A ƙarshen shekarun 1990 ne gambarar zamani, wato hip-hop, ta kafu a Yamai, inda ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya suka riƙa yi wa al'umma hannunka-mai-sanda da Hausa, Zabarmanci da Faransanci. Yau wasu na ganin ta yi sanyi, tunda kiɗan rawa ya mamaye wayoyin matasa.

Manazarcin harshe ba ya yanke hukunci da yawan masu saurare. Ma'auninsa uku ne: ƙarfin amsa-amo, ƙirƙirar sababbin kalmomi, da gwanintar surkin harsuna. A Gure, inda Hausa ke cuɗanya da Barbarci da Tubanci, na ukun ne zakaran gwajin dafi. Muddin waƙar ba ta ɗauki harsunan gari ba, baƙuwa ce. Baƙo kuwa raɓa ne.