Muhallin Mai Nakasa a Ƙasar Sudan

Ya ku jama'ar Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin kogin Nilu, ku sani samun wurin zama mai kyau haƙƙin mai nakasa ne. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2009, ta kuma yi dokarsu a 2017. Sashe na 19 na yarjejeniyar ya ce mai nakasa shi zai zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Sashe na 28 ya ba shi rabo a gidajen da hukuma ke ginawa jama'a.

A ƙauyukanmu, gidan gurgu ko makaho shi ne gidan iyayensa, don haka gyara daga nan zai fara. Da farko a ba shi ɗakin da ya fi kusa da zaure da bayan gida. A rage tudun dokin ƙofa, a buɗa ƙofar ta kai santimita 90 don keken guragu ya shige. In an yi gangara a madadin matakala, kowane tudu na santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120, kada keke ya kife. Kun san baƙar lakar ƙasar nan da damina, mai ƙafa biyu ma ɗaura zani take sa shi. A shimfiɗa jan bulo daga ɗaki zuwa masai, a kafa ƙarfen dafawa a ciki. Makaho kuwa, kada a riƙa sauya wa randa da gado wuri ba a gaya masa ba.

Sai neman taimakon hukuma. A tanadi lambar ƙasa, wato raƙam waɗani, da takardar likita mai bayyana irin nakasar, da shaidar zama daga kwamitin unguwa. Da su za a je Diwanin Zakka ko ofishin jin daɗin jama'a na Sinja ko Madani.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rusa gidaje, ya ƙara yawan masu rauni. Duk magidancin da zai sake gini, ya kira mai nakasar gidansa ya ji ta bakinsa tun kafin magini ya ja igiya, domin rushe bango daga baya ya fi tsada.