Sanyin Ɗaki da Hawan Jini a Lokacin Hunturu

Gabatarwa

Likitoci sun daɗe da lura cewa awon jinin mutane yakan hau a lokacin sanyi, ya sauka idan zafi ya shigo. Tun a shekarar 1961 wani likita a Ingila, Geoffrey Rose, ya bayyana wannan sauyi. Daga baya masana suka gano cewa sanyin ɗakin kwana yana da babban hannu a cikin lamarin, domin a ɗaki ne mutum yake kwana, a nan kuma yake tashi da asuba.

Yadda Sanyi ke Ɗaga Jini

Idan sanyi ya taɓa fata, ƙwaƙwalwa takan umarci ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da fata su tsuke, don kada ɗumin jiki ya fice. Tsukewar nan takan ƙuntata hanyar jini, sai zuciya ta ƙara ƙarfi wajen tura shi, kamar yadda ruwa yake ƙara ƙarfi idan an matse bakin tiyo. Ga matashi mai lafiya hawan kaɗan ne. Ga tsoho, wanda jijiyoyinsa suka riga suka yi tauri, hawan yakan yi yawa, musamman da sassafe, lokacin da aka fi samun ciwon zuciya na farat ɗaya da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da Bincike ya Nuna

A shekarar 2014 aka fara wani babban bincike a Japan, ƙasar da gidaje da yawa ba sa riƙe ɗumi. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa idan ɗumin ɗaki ya ragu da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, lambar sama ta awon jini da safe takan ƙaru da kimanin 8. A tsakanin maza 'yan shekara 80 ƙarin ya kai 10, alhali ga 'yan shekara 30 bai kai 4 ba. A 2020 kuma aka ga cewa gidajen da aka gyara tagoginsu da bangonsu don su tsare ɗumi, awon mazaunansu da safe ya sauka da kimanin 3. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi.

Darasi ga Ƙasar Hausa

A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kano, Jos da Damagaram yakan sauka ƙasa da wannan ƙa'ida. Ginin ƙasa mai kauri da rufin soro yakan sha zafin rana ya sake shi da dare. Rufin kwano marar silin kuwa nan da nan yake hucewa.

Kammalawa

Ya kamata mai hawan jini ya toshe kafofin iska, ya sa silin idan da hali, ya shimfiɗa darduma a kan siminti, ya yi alwalar asuba da ruwan ɗumi, ya kuma riƙa awo da shan magani a kan kari. Sai dai a guji kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda takan kashe mutum cikin barci.