Haɗa Kayan Ɗakin Haya Ba Tare da An Taɓa Kuɗin Makaranta Ba

Duk farkon shekarar karatu, waɗanda ba su samu gado a hostel ba sukan bazu cikin gari neman ɗaki, wasu Tudun Wada, wasu Unguwar Rimi ko Barnawa, wasu kuma irinmu Unguwar Shanu da Abakpa. Samun ɗakin wahala ce, amma a wajen cika shi da kaya ne kuɗi ke zurarewa. Na ga ɗalibin da ɗakinsa ya yi kamar na sabon ango, labule da kafet da fitilu masu launi, sai ga shi ana gab da rufe rajista yana bin abokai neman rance. Shekara ta huɗu ke nan ina zaman haya a Unguwar Shanu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta.

Ka fara da lissafin lokaci. Karatun ND shekara 2 ne, sai ka tafi IT na shekara 1, in Allah ya sa ka dawo HND, wata shekara 2 ce. Ke nan da wuya ka wuce wata 24 a jere a ɗaki ɗaya. Don haka duk abin da za ka saya, tambayi kanka abu biyu: ranar tashi zai shiga keke? In kuma ba zan tafi da shi ba, wa zai saya a hannuna? Ainihin tsadar kaya ita ce kuɗin da ka saya, a cire abin da za ka sayar da shi daga baya. Ga misali kawai, ba farashin kasuwa ba: tebur na Naira 30,000 da za ka sayar 18,000 bayan shekara 2 ya ci maka 12,000, wato Naira 500 a wata. Na 18,000 da zai ruɓe kafin ka gama ya ci maka 750 a wata. Ka ga mai arahar shi ne mai tsadar. Ai dama Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Na biyu, auna ɗakin kafin ka taka ƙafa kasuwa. Ari tef wajen kafinta ko 'yan sashen gine-gine, ka rubuta tsawo da faɗin ɗaki, da faɗin ƙofa, da girman taga. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 murabba'in ƙafa 120 ne. Katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi za ta cinye 27, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin, mai 6 da 3 kuwa 18 kacal. In ku biyu ne, wannan bambancin shi ne wurin ajiye tebur ɗin karatu. Kada a manta da ƙofa fa. Akwai durowar kaya da ta kwana a tsakar gida saboda ta ƙi shiga ɗaki.

Na uku, jera buƙatu bisa muhimmanci. A ganina katifa ce kan gaba, don wanda bai yi barci mai kyau ba ba ya fahimtar lacca. Sai tebur da kujera, sai fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, sai ledar ƙasa, labule, fanka da abin rataye kaya. Madubi, hotunan bango da furannin roba su zo a ƙarshe, in canji ya rage. Kafin duk wannan, ware kuɗin rajista da na handout da na mota a wani asusu daban, ka ɗauka babu su.

To, ina za a je? Mu fara da manyan shagunan nan masu kama da sito, inda ake jera gadaje da kujeru reras an manna wa kowanne farashi. A duniya wanda ya fi shahara da wannan salo shi ne IKEA, kamfanin da Ingvar Kamprad ya kafa a ƙasar Suwidin a 1943. Dabararsu ita ce sayar da kaya a wargaje cikin kwali, mai saye ya je gida ya haɗa da kansa, sai kuɗin dako da na ajiya su ragu. Ba su da shago a Najeriya, amma salon ya iso mana, domin yawancin ƙananan kantoci da teburan kwali da ake shigowa da su haka suke zuwa. Amfanin babban shago shi ne za ka ga farashi a rubuce, ka kwatanta, a ba ka rasit. Haɗarinsa kuma shi ne an tsara shi ne don ya ja ido. An ƙawata kusurwa kamar ɗakin gaske, ka shiga neman tebur ka fito da fitila da agogon bango. Shawarata ita ce zuwan farko ka je da biro da takarda, ka bar katin ATM a gida.

Da wannan farashin a hannu sai ka nufi Panteka, wadda ke nan kusa da babbar harabar makarantarmu a Tudun Wada. Kafintoci da masu walda suna nan birjik, kuma za su yi maka abu daidai awon ɗakinka. Tebur mai ƙafafun ƙarfe da saman katako, wanda ake kwancewa da ƙusa mai zare, ya fi komai dacewa da ɗalibi. Labule da zanin gado kuwa, a leƙa Kasuwar Barci. Ledar ƙasa, bokiti, kujerar roba da kayan kicin, a duba Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mu 'yan Unguwar Shanu muna da sauƙi guda: kasuwar Kawo tana ci ranar Talata, kuma titin Ali Akilu ne zai kai ka kai tsaye.

Sai sanin kayan kansu. Yawancin kantoci da durowoyin da ke sheƙi a shago da MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai kyau. Yana da sumul, amma ba ya shiri da ruwa. Damina a Kaduna takan kai wata shida, kuma da yawa daga ɗakunan haya ƙasansu na tsattsafo. Da ya sha danshi sai ya kumbura, ƙusa ta daina kamawa. Filawud ya fi shi juriya, katakon gaske ya fi duka, muddin ya bushe sosai. Ɗanyen katako yakan lanƙwashe ko ya tsage da zarar hunturu ya shigo. Leƙa bayan kayan da ƙasansu inda ba a yi fenti ba, nan gaskiya take. In ka ga ƙananan huji da gari-gari, ƙwaro ya riga ka.

Katifa kuma kada kauri ya ruɗe ka. Ingancin soso a nauyinsa yake. Ɗaga biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi galibi ita ce za ta daɗe ba ta lotsa ba. Danna da gwiwa ka ga ko za ta dawo nan take. In sunan sanannen kamfani ka gani, irin su Vitafoam ko Mouka, saya a wajen dilansu, ka karɓi rasit da takardar garanti, don akwai masu ɗinka rigar kamfani a kan soson banza.

Kayan hannu fa? Lokacin da 'yan ND 2 da HND 2 ke gama jarrabawar ƙarshe, nan ne ake samun araha ta gaske, don kowa so yake ya rabu da kaya ya kama hanya. Tebur, kujera, fanka, duk a saya bayan an gwada. Katifar hannu ce kawai nake jan kunne a kanta, saboda kuɗin cizo. Yana ɓuya a bakin ɗinki, yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma shanya a rana ba lallai ta kashe na can ciki ba. Buɗe ɗinkin ka haska da tocilan waya, in ka ga ɗigo-ɗigon baƙi, haƙura kawai. In kuwa ya riga ya shiga ɗaki, don Allah kada a fesa fiya-fiya a rufe ƙofa a kwana ciki, guba ce.

A wajen ciniki, kada ka nuna zumuɗi. Tambayi mutum uku kafin ka taya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi abu iri ɗaya wuri guda, za a rage muku, kuma ku raba kuɗin keke. In aiki za ka bayar, kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan aiki, a rubuta awo da irin katako da ranar karɓa, cikon sai ka ga kaya da idonka. 'Yan uwa mata, in za ku shiga Panteka ku tafi da wanda ya san wurin, kasuwar tana da faɗi da lunguna.

Game da ado, tambayi mai gida kafin ka buga ƙusa ko ka shafa fenti, kada ranar tashi a caje ka kuɗin gyara. Labule mai haske da zanin gado da suka dace da juna, da tsafta, sun isa su fito da ɗaki. A guji cika soket ɗaya da hita da dutsen guga da fanka, kuma kada a bar kyandir ko risho kusa da labule da katifa, soso ba ya wasa da wuta.

Karatu muka zo yi, ɗakin masauki ne na ɗan lokaci. Wanda ya biya rajista ya kwana a kan tabarma ya fi wanda ke da kafet amma babu sunansa a jerin masu jarrabawa. Allah ya ba mu sa'ar wannan zango.