Shakka a Lokacin Wahala: Darasi Daga Yahaya Mai Baftisma

Wurin karatu: Matiyu 11:2-11

'Yan'uwa ɗalibai, akwai tambayar da yawancinmu Kirista muke yi a zuci amma muke jin kunyar faɗa a zumunta. An kusa rufe rajista, kuɗin makaranta bai samu ba. Ka yi azumi da addu'a, sakamako ya fito, ga kwas biyu za ka maimaita. An yi wa mama addu'a wata da watanni, duk da haka ta rasu. Sai ka ji zuciya tana cewa, anya Allah yana ji na kuwa? Daga nan tsoro ya biyo baya: ko na zama marar bangaskiya ne?

Mu duba Yahaya. Shi ne ya yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, ya kuma nuna wa jama'a shi. Daga baya Hirudus ya jefa shi kurkuku don ya tsawata masa a kan auren Hirudiya, matar ɗan'uwansa Filibus. Gaskiya ce ta kai shi gidan yari. Yana can a kulle, sai ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira, ko kuwa a sa ido ga wani dabam. Ka ji fa, annabi ne da kansa yake wannan tambaya.

Abu na farko, Yahaya bai bar tambayar tana cinsa a ciki ba. Ya aika da ita wurin mai amsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, Yesu bai tsawata masa ba. Ya sa 'yan aiken su koma su ba da labarin abin da suka gani da ido: makafi da guragu da kutare suna warkewa, talakawa suna jin bishara. Bayan tafiyarsu kuma ya yabi Yahaya a gaban taro, yabon da ya ɗora shi sama da duk waɗanda suka gabace shi (aya 11).

Na uku, kuma shi ne mai wuyar haɗiya: ba a buɗe kurkukun ba. A sura 14 aka fille wa Yahaya kai. Ya sami amsar tambayarsa game da ko wanene Yesu, amma halin da yake ciki bai sauya ba. Duk wanda ya ce maka mai bangaskiya ba ya shan wahala, ka nuna masa wannan sura.

To, me za ka yi in shakka ta zo? Ka faɗa wa Allah yadda abin yake, ba kwana-kwana. Zabura 88 kuka ce tun daga farko har ƙarshe, ga ta kuwa cikin Littafi Mai Tsarki. Kada ka janye daga zumunta. Toma bai gaskata labarin tashin Yesu ba, amma bayan kwana takwas yana nan tare da sauran almajirai, a nan ne kuma Yesu ya same shi (Yahaya 20:24-29). Ka nemi fasto ko wani ɗan'uwa da ya girme ka a bangaskiya, ku zauna.

In kuma abokin ɗakinka ne yake cikin wannan hali, kada ka yi saurin cewa zunubinsa ne ya jawo. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah kuwa ya yi fushi da su (Ayuba 42:7). Ka saurare shi, in kana da garin kwaki ku jiƙa tare, sannan ku yi addu'a.

Don tattaunawa a zumuntar wannan mako: wace tambaya ce ka daɗe kana riƙe da ita, wa kuma za ka iya gaya wa?