DARASI: YADDA ZA KA YI DASHE A KAN TAMPOL BA TARE DA ASARAR TAKI BA



Yau darasinmu a kan dashe ne. Duk mai kaji yana da taki kyauta, mai tarwaɗa kuma yana zubar da ruwan da shuka ke so. To me zai hana ka ajiye zogale, tattasai ko alayyahu a buhu ko bokiti a gefen gida? Matsalar ita ce yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida siminti ne. Ka zube ƙasa da kashin kaji a kai, iskar hunturu ta kwashe rabi, sauran ya manne, mai gida ya fara ƙorafi. Maganin wannan shi ne shimfiɗar da ruwa ba ya ratsa ta.

ME ZA KA NEMA?

Idan kana Kaduna, ka shiga Babbar Kasuwa, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka nemi masu tampol ko masu ledar ɗaki. Yadi 2 ya ishe ka. Ka ɗaga shi sama ka duba ta wajen haske, in ka ga huji ka canza. Wanda ke da tsohon tampol ɗin kifi da ya fara yoyo ba sai ya kashe ko kwabo ba, ya yanko ɓangaren da ke da lafiya kawai.

YADDA NAKE YI

1. Nakan shimfiɗa shi a inuwa, in naɗe kusurwa huɗu in ɗaure da igiya, sai ya tashi kamar faranti. Ruwa da ƙasa ba sa fita.

2. Haɗin ƙasa: kwanon sarki 2 na ƙasar gona, 1 na yashi, 1 na takin kaji da ya ruɓe. A juya da hannu ko katako. Bakin shebur yana yaga tampol.

3. A huda ƙasan buhun ko bokitin. In ruwa ya kwanta, saiwa ruɓewa za ta yi.

4. A jiƙa shukar kafin a cire ta, sannan a yanke ledar renon ta gefe, a ɗauko ta da ƙasarta. Musamman zogale, saiwarsa guda ce mai nitsewa, in ta karye zai wahala. Ya kai sati 4 zuwa 6 kafin a taɓa shi.

5. A yi dashen da yamma bayan la'asar, a bar shi a inuwa kwana 3.

6. Ƙasar da ta rage, a kama bakin tampol a juye ta cikin buhu. Ba abin da ya salwanta.

ABUBUWA UKU DA ZA KA KIYAYE

Na farko, ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙona saiwa yake yi. Ka tara shi, kana yayyafa ruwa kana juyawa, har wata 2 zuwa 3. In warin nan mai hawa hanci ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa, to ya nuna.

Na biyu, ruwan da ka canza wa kifi yana da kyau ga shuka sosai. Amma ranar da ka zuba gishiri ko magani a tankin, kada ka ba shuka wannan ruwan. Gishiri taruwa yake a buhu, ganye ya fara ƙonewa ta baki.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci: tampol ɗin da taki ya taɓa, kada ka shanya abincin kaji a kai, kada ka shimfiɗa wa 'yan tsaki. Ƙwayar cutar Gumboro tana iya yin watanni a wuri ba ta mutu ba, haka ma ta kashin jini. Garin tattalin tampol ɗaya kada ka rasa tsaki 100. Ka yi masa alama da fenti, ka wanke da omo, ka shanya a rana, ka ajiye nesa da akurki. Kai ma ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga wajen kaji.

Ka fara da buhu 5 kawai. In ka ga yadda suka kama, sai ka ƙara kafin damina ta faɗi. Miyar gida ta samu, kaji ma sun samu ɗan ganyen zogale.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa in sha Allahu. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.

Allah Ya sa albarka a nemanmu.