Ruwan Alwala Daban, Ruwan Lambu Daban

Da zarar damina ta ɗauke a Kaduna, masu lambu na wajen Kawo da Malali da Unguwar Rimi sukan koma ga idon ruwa da ƴan ƙoramun da ke gangarawa Kogin Kaduna. Da yawansu kuwa ma'aunin alwala suke ɗauka su auna ruwan ban shuka, watau launi da ɗanɗano da wari. In ukun nan ba su jirkita ba, sai a kafa injin.

Ma'aunin nan ingantacce ne a babinsa, amma babin tsarki aka yi shi dominsa. Ai Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ruwan da gishirin ƙasar da yake kwance a kai ya sauya shi yana nan da tsarkinsa. To, wannan ruwa da ya halatta ga mai salla shi ne ke toye albasa, ya bar farin busa a kan kunya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙayyade a 1985 cewa gishirin da bai kai miligiram 450 a lita ba ba shi da illa ga shuka, wanda ya zarce 2,000 kuwa illarsa mai tsanani ce. Kanwa kuma ta fi muni, domin takan daskarar da ƙasa har ruwa ya kasa nutsewa.

Sai dai a gari mai cunkoso irin Kaduna, abin tsoro mafi girma shi ne masai da kwata. Idon ruwan da ke gangaren gidaje yana iya fitowa garau, alhali ya ratso ta ƙarƙashin salga. Malikawa sun tafi a kan cewa shukar da aka shayar da najasa tsarkakakkiya ce, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil. Amma fa hukuncin tsarki bai kashe ƙwan tsutsar ciki da ya maƙale a ganyen latas ba, kuma shari'ar da ta halatta cin ganyen ita ce ta haramta cutar da mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata iyaka a 1989: kayan lambun da ake ci ɗanye, kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a litar ruwan ban su. Ido ba ya ganin wannan, harshe ma haka.

Saboda haka manomi ya hau sama ya duba abin da ke bayan idon ruwansa tukuna. Sa'an nan ya ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta, a tsakiyar rani lokacin da ya ja baya, ya kai wa masu awo. Abin bai yi nisa ba, gama Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan kan hanyar Mando tun 1979.